Yadda Ake Bin Sawun Kakan da Ya Yi Aikin Jirgin Ruwa

Mutumin da ya yi rayuwarsa a tudu ana nemansa ne a inda ya zauna. Akwai rajistar haihuwa, akwai ta aure, akwai takardun haraji da na ƙidayar jama'a. Ma'aikacin jirgin ruwa kuwa ranar da masu ƙidaya suka zo yana tsakiyar teku, ranar da aka haifi ɗansa yana wata tashar da iyalinsa ba su taɓa jin sunanta ba. Shi ya sa iyalai da dama suke ɗauka cewa kakansu ya ɓace wa tarihi, suna da labarinsa a baki amma ba su da ko takarda guda.

Gaskiyar magana ita ce ma'aikacin jirgi ya fi yawancin mutanen tudu na zamaninsa barin takardu. Gwamnatoci suna son sanin inda za su samo mutanen da za su cika jiragen yaƙi, masu jirgi suna son lissafin albashi, jami'an tasha suna son sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Kowannensu ya rubuta. Matsalar ita ce mafi yawan waɗannan takardu ba da sunan mutum aka jera su ba, da sunan jirgi da lambarsa aka jera su. Wanda ya fahimci wannan ya yi rabin aiki. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta samo jirgi guda ɗaya da shekara guda ɗaya, sannan a bi daga wannan jirgi zuwa wanda ya gabace shi.

Fara da abin da ke cikin gida

Kafin ka buɗe kwamfuta, zauna da dattawan dangi, musamman tsofaffin mata, don su ne suka fi riƙe irin wannan labari. Kada ka tsaya a kan "ina ya je?" Tambayi sunan jirgi ko na kamfani. Tambayi irin aikin da yake yi: a saman jirgi yake, ko a ɗakin injin, ko a kicin? Wata nawa yake yi kafin ya dawo? Me yake kawowa, kuma daga wace ƙasa? Da wane suna abokan aikinsa suke kiransa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai, domin sunan yanka daban, sunan da magatakardan jirgi ya rubuta daban.

Sai ka nemi tsofaffin akwatuna. Abin da ya fi kowane daraja shi ne littafin sallama, ɗan ƙaramin littafi mai kama da fasfo wanda jiragen Birtaniya suka fara amfani da shi a 1900. A cikinsa ake buga hatimin kowace tafiya: sunan jirgi, lambarsa, ranar hawa, ranar sauka, da shaidar da kyaftin ya bayar kan aikin mutum da halinsa. Littafin yana da lamba tasa, kuma wannan lamba tana bin mutum a sauran takardun hukuma. Idan ka same shi, ka ɗauki hoton kowane shafi, har da bango da shafukan da kake ganin babu komai.

In babu littafin, wasiƙa ma ta isa. Dubi hatimin gidan waya a kan ambulan. Juya tsohon hoto ka ga sunan mai ɗaukan hoto da garinsa. Duba rubutun da ke kan hula ko maɓallin riga, da gefen lambar yabo, inda a wasu ake zana sunan mai ita. Rubuta kowane abu tare da wanda ya faɗa maka ko inda ka gani, ka kuma ware abin da aka ji daga abin da aka gani a takarda.

Wace tuta, wane irin jirgi

Mataki na biyu shi ne raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Sojan ruwa daban, ma'aikacin jirgin kasuwanci daban, kuma takardunsu ba a wuri ɗaya suke ba. Masunta na manyan jiragen kamun kifi su ma suna da nasu. Idan dangi sun ce "ya yi yaƙi a teku", wannan bai tabbatar da cewa soja ne ba, domin dubban ma'aikatan jiragen dakon kaya sun mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu ba tare da sun taɓa sa kakin soja ba.

Bayan haka, ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ita ke riƙe da takardunsa, ba ƙasar da aka haifi ma'aikacin ba. Mutumin Yaman ko Laberiya ko Norway da ya yi aiki a jirgi mai tutar Birtaniya, a takardun Birtaniya za a neme shi. Tun da a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 babu ƙasar da ta kai Birtaniya yawan jiragen kasuwanci, kuma ma'aikatansu daga ko'ina suke, zan fi daɗewa a kan nata tsarin.

Neman sunansa a rajistar ma'aikata

Akwai shekarun da ake iya neman mutum da sunansa kai tsaye, akwai waɗanda ba a iyawa. Sanin wannan zai hana ka ɓata watanni.

Dokar jiragen kasuwanci ta 1835 ce ta kafa rajistar ma'aikatan jirgi ta tsakiya, aka ci gaba da ita har 1857. Daga 1845 zuwa 1854 ana ba kowane ma'aikaci tikiti mai lamba, kuma rajistar tikitin ta ƙunshi ranar haihuwa da wurinta, tsawon mutum, launin gashi da ido, tabo ko zanen jiki, shekarar da ya fara fita teku, da ko ya iya rubutu. Waɗannan suna Taskar Takardun Ƙasa ta Birtaniya da ke Kew, a Landan, ƙarƙashin lambobi irin su BT 112, BT 113 da BT 116, kuma an saka su a Findmypast, shafin intanet na binciken asalin dangi.

Daga 1858 zuwa 1913 babu rajistar tsakiya ko kaɗan. Shekara hamsin da biyar ke nan, kuma a cikinsu ne kakannin mutane da yawa suka yi aikinsu. A nan sai ta hanyar jirgi kawai.

An sake buɗe rajista a 1913, amma katunan shekarun farko an lalata su, abin da ya rage ya fara ne daga 1918 zuwa 1941. A cikinsu akwai katunan da ake kira CR10, na 1918 zuwa 1921, masu ɗauke da hoton fuskar mutum. Iyalai da yawa a nan suka fara ganin fuskar kakansu. Ainihin katunan suna taskar takardun birnin Southampton. Ka lura, a bayan irin waɗannan katuna galibi ba sunan jirgi ake rubutawa ba, lambarsa ce da kwanan wata. Daga 1941 zuwa 1972 kuwa sai a duba BT 382, inda aka jera jiragen mutum bi da bi, da BT 372, jakunkunan takardu na ɗaiɗaikun ma'aikata waɗanda ake iya nema da suna a kundin taskar Kew a intanet. Ba kowa ba ne jakarsa ta tsira, don haka rashin ganinta ba hujja ba ce cewa mutum bai yi aikin ba.

Idan kakanka kyaftin ne ko mataimakinsa, hanyarka ta fi sauƙi. Tun 1850 aka wajabta wa shugabannin jiragen da ke zuwa ƙasashen waje cin jarrabawa, injiniyoyi kuma daga 1862. Wanda zai zauna jarrabawar sai ya lissafa duk jiragen da ya yi wa aiki da tsawon lokacin, wato ya rubuta maka tarihinsa da hannunsa. Waɗannan takardu suna gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich, a Landan, an kuma saka da yawansu a Ancestry, wani shafin intanet na binciken asalin dangi.

Samo lambar jirgi

Sunan jirgi shi kaɗai yaudara ne. Akan sami jirage goma ko fiye masu suna ɗaya a lokaci guda, kuma jirgi yakan canja suna idan aka sayar da shi. Daga 1855 aka fara ba kowane jirgin Birtaniya da na ƙasashen da take mulka lambar hukuma, wadda ake sassaƙawa a jikin babban gungumen jirgin, ba ta kuma canjawa ko an canja masa suna. Daga 1857 da wannan lamba ake jera takardun ma'aikata. Ba ka da lamba, ma'aikacin taska ba shi da abin da zai ɗauko maka.

Wurin da ya fi sauƙin samun ta shi ne shafin Crew List Index Project, wanda aka fi sani da CLIP, kyauta ne. Ka saka sunan jirgi ya ba ka duk masu wannan suna da lambobinsu da tashar da aka yi musu rajista. Ka saka lamba ya ba ka suna, abin da kake bukata ke nan don warware lambobin bayan katin CR10. Sai ka tace: jirgin da aka ƙera bayan kakanka ya rasu ya fita, ƙaramin kwalekwalen gaɓa da ba ya tsallaka teku ya fita idan labarin gida ya ce Indiya yake zuwa. Littafin Lloyd's Register, wanda ake bugawa tun 1764, zai ba ka girman jirgi, mai shi, inda aka ƙera shi, kuma a tsofaffin bugu har da sunan kyaftin da inda jirgin ya nufa.

Takardar yarjejeniyar ma'aikata, zuciyar binciken

Kafin jirgi ya tashi, kowane ma'aikaci yana sa hannu a yarjejeniya, in an dawo kuma kyaftin ya miƙa ta ga hukuma. Ita ce takardar da kake nema. Inda take ya danganta da shekara, kuma rabon da aka yi mata yana ba mutane mamaki.

Na kafin 1861 suna Kew, a BT 98. Na bayan nan sun yi yawan da hukuma ta rasa wurin ajiye su, aka rarraba. Kusan kashi 70 cikin 100 na shekarun 1863 zuwa 1938 da 1951 zuwa 1976 suna Kanada, a taskar tarihin teku ta Jami'ar Memorial da ke St John's, Newfoundland. Kew ta riƙe kimanin kashi 10, tare da na shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Greenwich ta ɗauki na 1861 da 1862 da na shekarun da ke ƙarewa da 5, ban da 1945. Sauran sun tafi taskokin garuruwa da gundumomi. A shafin taskar Newfoundland akwai wurin da za ka saka lambar jirgi ya nuna maka shekarun da suke da su, sannan ka biya a ɗauko maka hoton takardar. Ka tuna cewa ana ajiye takarda ne a shekarar da tafiya ta ƙare, ba shekarar da ta fara ba. Jirgin da ya tashi a ƙarshen 1894 ya dawo a 1895, a Greenwich za ka neme shi. Takardun 1915 kuwa an kwafe sunayen da ke cikinsu gaba ɗaya, ana nema da suna kyauta, don haka duk wanda kakansa yake teku a wannan shekara ya fara daga can.

In takardar ta zo hannunka, kada ka tsaya a layin kakanka ka rufe. Karanta ta daga bango zuwa bango. Shafin farko yana faɗin inda aka yarda jirgin zai je da iyakar lokacin tafiyar, har da adadin abincin da za a ba kowa. A layin kowane mutum akwai sa hannunsa ko alamar da ya yi in bai iya rubutu ba, shekarunsa, inda aka haife shi, matsayinsa, albashinsa, kuɗin da aka ba shi kafin tashi, da yadda ya rabu da jirgin. A takardun baya-bayan nan akwai adireshin gida, ko da yake sau da yawa na masaukin ma'aikatan jirgi ne a bakin tasha, ba na iyali ba.

Akwai gurbi guda da ya fi duk sauran amfani: jirgin da mutum ya yi wa aiki kafin wannan. Da shi ake komawa baya. A ce ka sami kakanka a wani jirgi a 1903, gurbin ya ambaci wani jirgin na daban da tashar rajistarsa. Ka koma CLIP ka samo lambar wancan, ka nemi takardarsa ta 1902 ko 1903, ka same shi a ciki, ka karanta gurbin nan kuma. Haka za ka yi ta ja da baya har ka isa takardar da aka rubuta cewa wannan ne jirginsa na farko. Hanyar baya kawai take tafiya, ba ta gaba, don haka ka yi ƙoƙari ka fara daga jirgi mafi kusa da ƙarshen aikinsa. Takan tsinke in ya shiga jirgin wata ƙasa na ɗan lokaci, ko in magatakarda ya rubuta sunan jirgi yadda ba ya karantuwa. In ta tsinke, duba mutanen da suka hau tare da shi rana ɗaya, domin abokai sukan bar jirgi tare su shiga wani tare, kuma wataƙila a layin ɗayansu rubutun ya fito sarai.

Shafukan ƙarshe su ne mutane suka fi tsallakewa, alhali a nan tafiyar take. Duk tashar ƙasar waje da jirgi ya tsaya, ƙaramin jakada ko jami'in tasha yana buga hatimi da kwanan wata, ya kuma rubuta wanda aka bari a asibiti, wanda aka ɗaure, wanda ya gudu, da wanda aka ɗauka a madadinsa. Jera hatiman bisa kwanan wata, ka dube su a taswira, za ka ga hanyar da kakanka ya bi.

Gajerun haruffan da za ka yi ta gani ba su da yawa. AB ƙwararren ma'aikacin saman jirgi ne, OS kuwa wanda bai kai wannan matsayi ba. A jiragen tururi akwai masu zuba kwal a wuta da masu turo musu shi daga rumbu, aikin da ya fi kowane zafi da wahala, kuma a nan aka fi tura Larabawa da 'yan Afirka. VG a gurbin hali na nufin kyaftin ya yaba ƙwarai. DR na nufin ya ƙi cewa komai, kuma wannan shirun kan hana mutum samun aiki a gaba.

Sunaye, shekaru da wuraren haihuwa

A nan ne bincike ya fi lalacewa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi taka-tsantsan. Magatakardan jirgi yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, cikin sauri, a tsakiyar hayaniya. Suna ɗaya na iya fitowa da rubutu iri huɗu a jirage huɗu. Ali, Hasan, Ahmad da Muhammad suna cike da takardun jiragen da suka ɗauki ma'aikata a Aden, wani lokaci sunan uba ya koma gaba, na mutum ya koma baya. Mutanen Kru na gaɓar Laberiya, waɗanda suka yi suna a aikin jirgi a duk Afirka ta Yamma, Turawa sukan laƙaba musu sunayen barkwanci, kamar na kwalbar giya ko na wani basaraken Ingila, kuma da wannan laƙabi aka rubuta su a kundin albashi. Wulaƙanci ne a lokacinsa, a yau kuma ya zama katanga tsakanin jikoki da kakanninsu.

Shekaru ma ba abin dogaro ba ne sosai. Yaro yakan ƙara don a ɗauke shi, dattijo yakan rage don kada a ƙi shi. Wurin haihuwa kuma sau tari sunan babbar tasha mafi kusa ake rubutawa, ko tashar da mutum ya hau jirgi. Wanda aka rubuta masa Freetown ko Aden ko Bombay, mai yiwuwa daga wani ƙauye mai nisan kwanaki ya fito. Wasu da gangan suke ambatar garin da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya don a ɗauke su a matsayin talakawanta.

Saboda haka kada ka karɓi mutum a matsayin kakanka don suna ya yi daidai. Kama da wane ba ta wane. Nemi aƙalla abu biyu ban da suna: lambar littafin sallama, sa hannu iri ɗaya a takardu biyu, tabo ko zanen jiki da aka siffanta, sunan magajin da ya bayar, ko adireshi. In ba su samu ba, rubuta shi a gefe a matsayin "mai yiwuwa" ka ci gaba da nema. Iyalin da aka ɗora wa kakan da ba nasu ba sun fi wanda bai sami kowa ba asara, don za su riƙa ba 'ya'yansu labarin wani.

Ma'aikatan da aka ɗauka a tashoshin Indiya, waɗanda ake kira laskar, yarjejeniya ta daban ake yi musu, kuma sau da yawa ba a haɗa ta da ta sauran ma'aikatan jirgin ba. Za ka iya buɗe takardar babban jirgi ka ga Turawa talatin kawai, alhali mutanen da suka tafiyar da shi sun ninka haka. Ga waɗannan, a gwada takardun Ofishin Indiya da ke Laburaren Birtaniya, da rajistar mace-mace, da ta asibiti. Dokar 1925 da ta tilasta wa ma'aikatan jirgi waɗanda ba farar fata ba yin rajista da 'yan sanda in ba su da shaidar zama 'yan Birtaniya, ta jawo wasiƙu da koke-koke masu yawa daga Cardiff, Liverpool da South Shields, kuma a cikinsu mutane sun faɗi garinsu na asali da sunayen iyayensu. Wanda kakansa ya yi aiki da Elder Dempster, kamfanin Liverpool da ya daɗe yana zirga-zirga zuwa Afirka ta Yamma, ya tuntuɓi taskar gidan tarihin teku na Liverpool.

In sojan ruwa ne

Rundunar ruwan Birtaniya ta fara ɗaukar ƙananan sojoji aikin dindindin a 1853, kuma daga nan kowa yana da lamba da shafinsa. A taskar Kew, jerin takardu mai lamba ADM 139 ya ƙunshi na 1853 zuwa 1872, ADM 188 ya ci gaba daga 1873, ana kuma neman su da suna. Kafin 1853 sai an san jirgi, a duba kundin kiran suna, inda R ke nufin ya gudu, DD kuma ya mutu a bakin aiki. Abu ɗaya da ke ruɗa sababbin masu bincike: ba kowane suna a shafin ba ne jirgin da ke yawo a teku. Victory, Pembroke da Vivid a takardun farkon ƙarni na 20 galibi barikokin tudu ne a Portsmouth, Chatham da Devonport. Takardun waɗanda suka yi aiki a shekarun baya-bayan nan ba a buɗe suke ga kowa ba, akan nemi shaidar mutuwa ko ta dangantaka.

Sauran tutoci

Amurka ta fara ba ma'aikatan jiragenta takardar kariya a 1796, don kada rundunar Birtaniya ta kama su ta tilasta musu aiki, kuma takardar tana siffanta mutum dalla-dalla. Daga 1917 dokar shige da fice ta sa jiragen da ke shigowa tashoshinta miƙa jerin ma'aikatansu baƙi, kuma waɗannan an saka da yawansu a shafukan Ancestry da FamilySearch ana nema da suna. Wannan hanya ce mai kyau ta kama mutumin kowace ƙasa, in dai jirginsa ya taɓa tsayawa a New York ko wata tashar Amurka. Faransa tun zamanin ministanta Colbert a ƙarni na 17 take rajistar mutanen gaɓa gunduma-gunduma, kuma kundayen suna taskokin tarihin soja a Brest, Toulon, Cherbourg, Lorient da Rochefort. Taskar ƙasa ta Holan da ke Hague ta saka kundayen albashin VOC, tsohon kamfanin Holan na cinikin gabashin Indiya, a intanet, da sunayen dubban ɗaruruwan mutane, da yawansu ba ma 'yan Holan ba ne.

Wanda bai dawo ba

"Ya tafi teku bai dawo ba" na iya nufin abu uku: ya mutu, ya gudu daga jirgi, ko ya zauna a wata ƙasa. Takardar jirginsa na ƙarshe ce za ta raba gardama. In mutuwa ce, za a rubuta rana da wuri da dalili, wani lokaci har da jerin kayan da ya bari da kuɗin da aka sayar da su. Rajistar waɗanda suka mutu a teku daga 1891 zuwa 1972 tana Kew, a BT 334. Kundin hukuma na kyaftin, in ya tsira, yana bayyana rashin lafiya da hatsari da hukunci. Asibitin ma'aikatan jirgi na Dreadnought a Greenwich ya karɓi mutanen kowace ƙasa, kuma rajistar marasa lafiyarsa tana faɗin jirgin da mutum ya sauko daga ciki.

In lokacin yaƙi ne, nemi sunansa a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth. A Tower Hill da ke Landan an zana sunaye fiye da 35,000 na ma'aikatan jiragen kasuwanci da na kamun kifi waɗanda teku ce kabarinsu, an jera su jirgi-jirgi. Hukumar tana lissafa ma'aikacin jirgin kasuwanci ne kawai in yaƙin ne sanadin mutuwarsa, don haka wanda cuta ta kashe ba lallai ya fito ba. Katunan lambobin yabo na yaƙin farko suna BT 351, na biyu BT 395.

In kuwa an rubuta cewa ya gudu, kada ka ji kunya, kuma kada ka ɓoye wa dangi. Gudu daga jirgi abu ne da ya zama ruwan dare, saboda mugun kyaftin, ko rashin abinci, ko albashin da ya fi a wani jirgin. A zamanin neman zinariya, San Francisco a 1849 da Melbourne a shekarun 1850 sun ga jirage jibge a tasha babu masu tuƙa su. Ɗauki sunan tashar da ranar da aka rubuta, ka koma takardun tudu na wannan gari: ƙidayar jama'a ta gaba, rajistar aure, takardun neman zama ɗan ƙasa, da jaridun watan. Ka kuma duba jiragen da suka tashi daga tashar a makonnin da suka biyo baya, domin da yawa daga cikin masu gudun wani jirgin suke shiga, wani lokaci da sunan da aka ɗan sauya.